Albasar Tulif Mai Araha: Ta Kanti, Ta Sari, Ko Ta Ƙarshen Kasuwa?

Ranar da na fara ganin albasar furen tulif, a bakin ƙofar wani kanti a Leeds ta Ingila cikin watan Satumba, na ɗauka ƙananan albasa ce aka ƙulla a 'yar raga. Har na kai hannu, sai hoton jan fure da ke jikin kwalin ya tsayar da ni. Kamar ce ta yi yawa: ga ɓawo mai sulɓi ruwan ƙasa, ga tsini a ka, ga gindi mai faɗi inda saiwa ke fita. Shi ya sa a gidanmu ba mu wahalar da kanmu wajen nema mata suna ba, albasar fure muke ce mata. Sai dai tun kafin mu yi nisa, kada wanda ya ajiye ta kusa da kwandon cefane. Ta dafodil, wani furen da shi ma daga albasa yake fitowa, guba ce, tana sa amai da gudawa, har a 2015 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta dafodil daga sashen kayan miya, saboda an sha samun waɗanda suka yanka shi a tukunya bisa kuskure. Ta tulif ma ba abinci ba ce, duk da cewa mutanen Holan sun ci ta a hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, lokacin da wuya ta yi wuya.

Abin da ya kamata mai ƙaramin aljihu ya fara sani, wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta nuna mini shi da wuƙar kicin. Ta ɗauki tulif guda cikin waɗanda na sayo, ta tsaga ta biyu daga tsini zuwa gindi, ta miƙo mini. A can tsakiya, cikin farin nama mai hawa-hawa, ga wani ɗan abu ruwan ɗorawa bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Ta ce in duba da kyau. Furen ne, cikakke, da 'yan ganyayensa a naɗe, yana jiran sanyi kawai. Wato furen shekarar farko ba kai za ka yi shi ba, manomin Holan ya riga ya yi maka, kuɗinsa ka biya. Aikinka ka binne, kada ka bari ta ruɓe, kada ka bari a tone. Saboda haka albasa mai araha da mai tsada duk za su yi fure a karon farko muddin lafiyarsu ƙalau. Bambancin yana fitowa ne a girman furen, da kuma shekara ta biyu, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Dalilin da ya sa shekara ta biyu ke ba da wahala yana cikin asalin shukar. Ko da yake yau Holan ake dangantawa da ita, Holan ɗin da muka fi sani da atamfa, tulif 'yar duwatsun Asiya ta Tsakiya ce, wajen Kazakistan da maƙwabtanta. Daga can ta biyo ta Farisa ta shiga lambunan sarakunan Usmaniyya a Istanbul, inda ake kiranta lale. Sunan da Turawa suka ba ta ya samo asali ne daga kalmar Turkanci ta rawani, kuma duk wanda ya ga furen a rufe da safe zai ga naɗin. A 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa ta a lambun jami'ar Leiden ta Holan, bayan shekara arba'in da 'yan kai kuma mutanen Holan suka haukace a kanta, ana cinikin albasa guda da kuɗin gida, har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. A duwatsun da ta fito, hunturu mai tsanani ne, sannan rani busasshe mai zafi da ke gasa ƙasa. Ingila tana da sanyin, amma ranin ta jiƙaƙƙe ne. Albasa tana kwance a ƙasa cikin Yuli, tana neman bushewa, ruwan sama na zuba a kanta. Ga shi kuma uwar albasar ba ta wuce shekara guda, tana ƙarewa ne wajen yin fure ta bar 'ya'ya. In ta bar babba ɗaya, ka samu fure baɗi. In ta rabu gida biyar ƙanana, ganye kawai za ka gani.

To yanzu mu shiga kasuwa. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban mai albasar Aliero ko ta Galmi yana zaɓe ya riga ya iya rabin aikin. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka matsa ka ji tauri, ka juya gindi ka ga babu laushi babu fumfuna. Ɓawon da ya ɗan ɓare ba komai ba ne, amma wadda wuƙa ko faɗuwa ta ji wa rauni a bar ta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauran rabin aikin lamba ce da ake bugawa ƙanana a bayan kwali, wadda yawancin mutane ba sa kula da ita: 10/11, 11/12, ko 12+. Kewayen ƙugun albasar ke nan a santimita. Mai 12+ ita ce babba, kararta ya fi kauri, furenta ya fi girma. Mai 10/11 za ta yi fure, amma ƙarami. In ka ga kwali babu lambar sam, ka ɗauka ƙarama ce. Wannan ƙa'idar ba ta shafi tulif na daji ba, waɗanda dama Allah ya halicce su ƙanana, za mu zo kansu.

Wuri na farko da ido ke faɗawa shi ne kantunan rangwame da na kayan abinci, irin su Lidl, Aldi da B&M, da ke zubo kaya tun ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Alherinsu a fili yake: farashi ƙasa, babu kuɗin kawowa, kana iya sayen ƙunshi ɗaya ka gwada, kuma kana ganin kayan da idonka ta cikin raga. Inda suke da rauni shi ne zaɓi. Yawanci gauraye ne, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba a faɗa maka sunan iri ba, balle ka san ko mai dawowa ne. Gauraye kuma ba sa buɗewa lokaci guda, sai ka ga uku sun yi sun zube kafin sauran su farka, tukunyar ba ta taɓa cika ido ba ko rana ɗaya. Sannan akwai zafin cikin kanti. Albasar da ta yi wata biyu a ƙarƙashin fitila kusa da na'urar ɗumama ɗaki tana bushewa a hankali. Saboda haka a irin waɗannan kantuna, makon da kaya ya sauka shi ne makon saye, ka kawo gida ka ajiye a wuri mai sanyi da iska, cikin jakar takarda ba leda ba.

Na biyu su ne 'yan sari da ke sayarwa ta intanet, irin su Peter Nyssen, J. Parker's da Farmer Gracy. A nan ne za ka ga sunan kowane iri, girmansa, tsawonsa da watan da yake fure. In ka sayi goma, farashin kowace ɗaya yakan fi na kanti, ga kuɗin kawowa a kai. Amma in ka sayi hamsin ko ɗari na iri ɗaya, lissafin yakan juye, sai ka samu babbar albasa a kusan kuɗin ƙaramar kanti. Matsalar ita ce wa ke da wurin dasa tulif ɗari a bayan gidan haya? Mu dai abin da muka yi shi ne abin da muka saba yi da buhun shinkafa da ragon layya, muka haɗa kuɗi gida huɗu, aka kawo kwali ɗaya, muka zauna a falo muka kasa. Kuɗin kawowa ya rabu huɗu, kowa ya tashi da iri uku. A ganina wannan ce hanyar da ta fi kowace riba ga wanda yake da ƙasar da zai binne ya bar su shekaru. Sai dai a kula, kayan da ba ka gani ba ne. Na taɓa buɗe kwalin wani kamfani na tarar da ƙunshi guda ya yi gumi, kusan rabinsa ya yi laushi yana warin tsami. Na ɗauki hoto a ranar na aika, suka maido kuɗin. Da na bar kwalin a rufe sati biyu kamar yadda na yi niyya, da babu mai saurarena, kuma da ruɓar ta kama sauran.

Manyan gidajen sayar da shuke-shuke su ne na uku, kuma ba zan daɗe a kansu ba, don a farkon kaka su ne mafi tsada. Abu ɗaya da suka fi kowa shi ne wasunsu suna zuba albasa a buɗe cikin akwati, ka zaɓa ɗai-ɗai da hannunka. In guda bakwai kake so don tukunyar bakin ƙofa, nan ne wurin.

Amma waɗannan gidajen ne kuma ke zama mafi araha in ka iya haƙuri, kuma nan ne asirin duk maganar yake. Da Nuwamba ya raba, suna bukatar wurin da za su jera kayan Kirsimeti, sai a fara karya farashin albasar da ta rage, rabi, wani lokaci ƙasa da haka. 'Yan intanet ma haka suke yi don su share rumbunsu. Ga sauran furanni wannan kasuwar bayan fage ce, amma ga tulif daidai lokacinta ke nan. A Ingila ma shawarar da masana lambu ke bayarwa ita ce a dasa tulif a Nuwamba, bayan ƙasa ta yi sanyi, domin akwai wata cutar fumfuna da ke ƙona ganye da fure kamar an watsa musu wuta, wadda ta fi kama albasar da aka binne a ƙasa mai ɗumi. Na dasa a tsakiyar Disamba, na ma taɓa dasawa a makon farko na Janairu da hannu yana ƙagewa, duk sun yi fure, sai dai sun ɗan makara kuma kararsu ya ɗan gajarta. Abin da ka rasa a ƙarshen kasuwa shi ne zaɓi. Abin da wasu suka bari za ka samu, kuma dole ka matsa kowane ƙunshi, don a cikin goma za ka iya tarar da biyu sun zama fanko.

Dafodil kuwa ba ya son wannan jiran. Yana fara fitar da saiwa tun Satumba, in ka makara sosai sai ya yi ganye ba fure, ko ya yi fure a wahale. Kurokus da muskari, ƙananan furanni masu albasa, su ma gara su shiga ƙasa kafin Oktoba ya fita. Saboda haka tsarin da na zauna a kai shi ne kuɗina gida biyu: dafodil da ƙananan furanni da wuri a cikakken farashi, tulif a makare a rabin farashi. Wanda ya juya wannan tsarin ya yi asara ta fuska biyu.

Akwai araha iri uku da ba araha ba ce. Ta farko ita ce ƙwayar iri da ake tallatawa a intanet da hoton tulif shuɗi ko mai launin bakan gizo. Babu tulif shuɗi na gaskiya, hoton kwamfuta ne. Ko da irin tulif ne na haƙiƙa aka aiko maka, daga ƙwaya zuwa fure shekara biyar zuwa bakwai ne, kuma abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwarsa ba, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ta biyu ita ce tsarabar matafiya. Mutum ya je Amstadam a Afrilu, ya ga lambun Keukenhof da ake dasa wa albasa kusan miliyan 7 kowace shekara, hankalinsa ya tashi, ya sayi ƙunshi a hanya. To a Yuni da Yuli ake haƙar tulif, sabuwa ba ta shigowa kasuwa sai ƙarshen rani. Wadda ake sayarwa a Afrilu ta bara ce da ta wuce lokacin dasawa. Ban da haka, tun 2021 shigo da albasar shuka daga ƙasashen Tarayyar Turai zuwa Birtaniya na bukatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, ko da a jakar hannu ne. Ta uku ita ce tukunyar tulif da aka riga aka tsirar, wadda ake sayarwa a Maris. Ba yaudara ba ce, tana da kyau a kai wa mai jego ko wanda ke jinya, amma kuɗin guda biyar a tukunya zai saya maka ninkin-ba-ninkin a kaka.

Duk wannan maganar wurin saye ce. Abin da ya fi ta nauyi a aljihu shi ne irin da ka saya, kuma a nan ne araha ba ta ado. Tulif ɗin da suka fi ɗaukar ido a hoto, masu gefe yage-yage kamar gashin aku da masu fure ninki-ninki, yawancinsu 'yan shekara ɗaya ne a ƙasar Ingila. An ƙirƙire su don kyau, ba don juriya ba. Manyan lambunan da muke gani a hoto ba sa wahalar da kansu, haƙe su suke yi bayan fure su dasa sabbi. Masu dawowa kuwa an san su. Akwai dangin Darwin, da Apeldoorn ja da ɗan'uwansa Golden Apeldoorn da Pink Impression, dogaye masu babban kai, su ne kuma galibi mafi araha a sari domin ana noma su da yawa. Akwai dangin Fosteriana masu fure da wuri, irin su Purissima fari da Red Emperor. Akwai gajerun Greigii masu zane a ganye, kamar Red Riding Hood. Cikin masu ado, Ballerina ruwan lemo mai ƙamshi da Spring Green sun yi mini halacci, sun dawo ba sau ɗaya ba. Sai na daji, tarda da turkestanica da praestans da clusiana, 'yan ƙanana da ba su kai taƙi ɗaya ko biyu ba. Ba za su sa mai wucewa ya tsaya ba, amma in suka sami wuri mai rana da ƙasa mai tsane ruwa, ƙaruwa suke yi kowace shekara ba tare da ka sake kashe kwabo ba.

Mu yi lissafi na misali. A ɗauka fam 10 ta saya maka gauraye talatin marasa suna, ko Apeldoorn manya ashirin. A shekarar farko mai gauraye ya fi ka da fure goma, yana ta murna. A ta biyu shi ya koma kanti, kai kuwa ko da kashi uku cikin huɗu ne suka dawo kana da sha biyar kyauta, a ta uku ma ka samu wani abu. Kafin shekara uku ta cika shi ya kashe fam 30, kai 10. Amma wannan lissafin yana aiki ne kawai ga wanda zai zauna a gidan. Ɗalibin da zai gama karatu a Satumba mai zuwa, ko wanda hayarsa ta wata goma sha biyu ce, ba shi da abin yi da tulif mai dawowa. Shi ya sayi mafi araha mai ƙyalli a ƙarshen kasuwa, ya cika tukunya, ya more Afrilunsa, babu laifi ko kaɗan.

In kuwa gaskiya za a bi, wanda burinsa fure mafi yawa a kuɗi mafi ƙaranci, tulif ba shi ne zakara ba. Dafodil ne. Albasarsa ba ta mutuwa bayan fure, girma take yi tana haihuwa, ba ta damu da ruwan ranin Ingila ba, kuma gubar nan da ta sa muka nisanta ta da kicin ita ce ke hana kurege da ɓera taɓa ta. Ana sayar da Carlton da Ice Follies a buhu bisa nauyi, kamar dankali. Tête-à-tête ɗan gajere ya dace da tukunya da bakin taga, kara ɗaya yakan ɗauki fure biyu ko uku. Muskari, mai shuɗin da tulif ya rasa, yana yaɗuwa har ka gaji da shi. Kuma akwai maganar lokaci. Kurokus na buɗewa a Fabrairu, dafodil a Maris, yawancin tulif sai Afrilu zuwa Mayu. A shekarun da Ƙaramar Sallah ke faɗowa cikin Maris, wanda yake son baƙin Sallah su tarar da ƙofar gida a ƙawace, dafodil zai dasa. Abin da tulif ya fi su da shi launi ne kawai, ja kamar garwashi, ko baƙi-baƙin irin da ake kira Queen of Night, kuma bayan wata biyar na duhu da toka-tokar sama, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, wannan launin ba ƙaramin abu ba ne. Na san dalilin da ya sa nake ci gaba da saye duk da lissafin bai goyi bayana ba.

Tukunya ko ƙasa? Wannan ma kuɗi ne, kuma da yawa ba sa lissafa shi. Sau da yawa buhun takin tukunya ya fi albasar da za a binne a ciki tsada. Ni ban taɓa sayen tukunyar fure ba. Bokitin fenti da aka wanke, robar man gyaɗa mai lita ashirin da aka yanke wa kai, baƙaƙen bokitan da masu sayar da furanni ke zubarwa, duk sun yi, muddin ka huda gindinsu da kyau kuma zurfinsu ya kai santimita 30. Tunda furen na cikin albasa, ba ta bukatar sabon taki mai ƙarfi. Wanda ka noma tumatir a ciki da rani ya wadatar, ka farfasa shi, ka cire tsofaffin saiwoyi, ka ƙara ɗan yashi ko tsakuwa. A tukunya ana jera su kusa-kusa, yatsa ɗaya tsakani, kada dai su taɓa juna. In tukunyar babba ce ka yi mata bene: tulif a ƙasa, ka rufe, dafodil gajere a tsakiya, ka rufe, kurokus a sama. Tukunya ɗaya ta ba ka fure daga Fabrairu zuwa Mayu. Aibinta shi ne tulif ɗin tukunya da wuya ya maimaita kyansa, sai dai ka juye shi a gefen lambu ka ga abin da Allah zai yi.

A ƙasa kuwa babu kuɗin taki, sai ƙarfin hannu. Rami ya kai ninki uku na tsawon albasar, kamar santimita 15 zuwa 20, tsini yana kallon sama, tazarar faɗin tafin hannu tsakaninsu. Mai son su dawo ya ƙara zurfi, don zurfi na rage rarrabuwar albasa kuma yana wahalar da mai tono. A duba irin ƙasar tukuna. In jigawa ce mai yashi, an dace. In laka ce mai riƙe ruwa kamar fadama, irin wadda ke bayan gidaje da yawa a nan, tulif zai ruɓe, gara a bar wa dafodil wurin a kai tulif tukunya.

Sai kurege. Wanda ya san shi a tatsuniya da wayo bai san komai ba sai ya ga na Ingila, toka-toka, ƙato, marar kunya. Shekarata ta farko na dasa ashirin da huɗu a bokiti biyu ranar Lahadi da yamma. Da safiyar Talata na leƙa ta tagar kicin na gan shi zaune a kan katanga, ya riƙe guda da hannu biyu kamar mai cin goro, ya gutsira sau biyu ya yar, ya koma ya tono wata. Ƙasa a warwatse, ɓawo ko'ina. Bakwai suka tsira. Na gwada barkono, ruwan sama ɗaya ya wanke shi. Abin da ya yi aiki shi ne wayar ragar kaji, a yanka daidai bakin bokiti a lanƙwasa gefen, a cire ta in tsiro ya leƙo. Sau ɗaya ake saye, ta yi shekaru. A kuma share duk ɓawon da ya zube a sama bayan dasawa, don ƙamshinsa ne ke kiransa. Duk wanda ya sayi tulif bai tanadi raga ba, sadaka ya yi wa kurege.

Bayan fure akwai aikin da ba ya cin kuɗi sai haƙuri. Da furen ya zube ka tsinke kan, don kada ƙarfin ya tafi wajen yin ƙwaya. Manoman Holan ma haka suke yi, suna bin gonaki da inji suna sare kawunan tun suna kan ganiyarsu, domin albasa suke nema ba fure ba. Ganyen kuwa ka bar shi aƙalla mako shida har ya yi rawaya ya kwanta da kansa, komai muninsa, shi ne ke ciyar da albasar baɗi. In kana da takin ruwa na tumatir ka ɗan ba su a wannan tsakanin. In ka ga ganye ya murɗe da tabo-tabo kamar ƙuna, ka tumɓuke shukar gaba ɗaya ka jefa a shara, kuma kada tulif ya koma wurin sai bayan shekara uku.

'Yan'uwa a gida sukan ga hoto su ce in taho musu da iri. Tulif na bukatar mako 12 zuwa 16 a sanyin da bai wuce digiri 9 ba kafin kararsa ya miƙe. Hunturun Kano da Zinder sanyin dare ne da safiya, da rana ƙasa ta ɗume, ko Jos da Mambila ba sa riƙe irin wannan sanyin wata uku a jere. A ƙasashe masu ɗumi ana yi wa albasar dabara da firji, a saka ta a jakar takarda tsawon wannan lokacin, nesa da tuffa da ayaba, domin iskar da 'ya'yan itace masu nuna ke fitarwa tana kashe ɗan furen da ke ciki. To wannan na bukatar wutar da ba ta ɗaukewa wata uku, sannan in an dace furen ya fito, zafi zai zubar da shi cikin 'yan kwanaki, albasar kuma ba za ta sake yi ba. Da wannan kuɗin gara a nemi amarilis, mai jan fure kamar kakaki da ke son zafi kuma yana dawowa, ko a dubi albasar kwaɗi da ke fitowa da kanta a fadamunmu farkon damina da farin fure mai jan zane, wadda muke wucewa ba ma ko waiwaye, alhali danginta ake sayarwa da tsada a gidajen shuka na Turai.

Ƙanwata da ta zo karatu bara ta tambaye ni yadda za ta yi da fam 20. Ɗakinta a bene yake, baranda kawai gare ta, kuma ba ta san inda za ta kasance nan da shekara biyu ba. Na ce ta sayi ƙunshin Tête-à-tête ɗaya da na kurokus ɗaya a kanti yanzu, ta binne su a ƙaramin bokiti. Ta riƙe sauran kuɗin zuwa makon ƙarshe na Nuwamba, ta je inda aka karya farashi, ta nemi mai 11/12 ko 12+, launi ɗaya ko biyu kawai masu fure a wata guda, ta matsa kowane ƙunshi kafin ta biya. Bokiti da tsohon taki da guntun raga na ce ta zo ta ɗauka a wurina. Ta ce a hawa na uku wane kurege ne zai same ta. Na ce ta dai zo ta karɓi ragar.